Tukunyar Iskar Tashtemir

Shekara talatin da ɗaya Tashtemir ya yi yana zagin direbobi a kan hanyar Murgab zuwa Osh, yanzu kuwa shekara shida ke nan bai zagi kowa ba. Ba tuba ya yi ba. Bakin aka ƙwace masa a yini guda, kuma cikin waɗanda suka taru suka ƙwace shi da kyakkyawar niyya, ni na fi kowa zaƙewa. Yayan matata ne, shi ya sa duk sanda aka ce in ba da labarinsa sai in ji kamar an tsayar da ni gaban alƙali.

Gidansa shi ne na ƙarshe kafin a hau mashigin Ak-Baital. Gidan ma'aikatan hanya ne na tun zamanin Soviet, ɗaki uku da rufin kwano, da wata katafila da ta mutu a ƙofar gida har karnuka suka mai da ƙarƙashinta makwanci. A tanti aka haife shi, ba nisa da wurin. Aikinsa na takarda shi ne kwashe dusar ƙanƙara da cike ramuka. Aikin da ya ɗora wa kansa kuwa, ba tare da ya nemi izinin kowa ba, shi ne likitan tutek.

Duk wanda ya taɓa hawowa daga gangare ya san tutek, ciwon da ƙarancin iska ke kawowa. Ciwon kai da amai wasa ne. Mugun shi ne wanda yake shiga ƙwaƙwalwa, mutum yana zaune yana jin kansa garau alhali hankalin ya riga ya yi gaba. An taɓa kawo wa Tashtemir wani ɗan kasuwa da aka tarar yana wa saniya tallan takalma, har yana rage mata. An kawo wani direba da ya tsayar da mota tsakiyar hanya ya rungume sitiyari yana kuka, wai motar ta gaji, tausayinta yake ji. Ni kaina haka aka kawo ni. Ni mutumin Uzgen ne, ɗan manoman shinkafa, ina da shekara ashirin da uku na ɗauko fulawa zan kai Murgab karon farko. Aka tsince ni a bakin hanya na tuɓe riga cikin ƙanƙara ina gaishe da dutsen kilomita, ina tambayarsa mutanen gida.

Abin da na fara gani da suka shigar da ni shi ne wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji, fuska jajawur kamar an gasa, leɓɓa sun yi shuɗi-shuɗi, ga giɓi a haƙoran gaba. Tashtemir ke nan. Ya nuna mini wani farin layin fenti a daɓe.

"Bi layin nan, dunduniya tana taɓa yatsu."

Na yi taku biyu na tafi luu sai bango.

"Sannu, ɗan rawa. Ina sunan uwarka?"

Na yi tunani sosai, na ce, "Osh."

"Madalla, ai na san ta, babbar mace ce. Kawo makullin mota."

Ya rataye makullin a ƙusa, ya juya ga waɗanda suka kawo ni. "Ku kuma waje. Iskar nan wuta take kamawa, ga ku kowa sai warin taba da man dizal."

Ya zaunar da ni a kujera ina fuskantar bango, inda aka manna wata tsohuwar kalanda mai hoton teku. Tukunyar iskarsa ta ƙarfe tana bayana, shuɗiya, ta kai ƙirjin mutum tsawo, da agogonta wanda allurarsa take kusa da cikawa. Ya ɗaura mini wani baƙin takunkumin roba mai warin tafarnuwar direbobi ɗari, ya koma baya ya tsaya wajen famfon, ya ce in na waiwayo zai fasa mini kai. Sai na ji ƙarar iska, sssss, doguwa mai sanyi. Na rantse da Allah a take na ji kaina yana washewa.

Bayan minti goma sha biyar ya kwance takunkumin ya leƙa idona.

"Saurara, ɗan shinkafa. Iskar da na zuba maka ta awa uku ce, ba ƙari. In ta ƙare kana kan tudun nan, sai dai a aika wa Osh gawar ɗanta. Dole ta ƙare maka a gangare. Ga mota can za ta sauka, shiga. Fulawarka ba ta da ƙafa."

Na shiga motar ina roƙon direban ya taka. Kafin mu gangara garin Sari-Tash na tuna sunan mahaifiyata, na kuma tuna kunya.

Tukunyar nan babu komai a cikinta. Gara in faɗa tun yanzu, kada mai karatu ya yi shekara ashirin da biyu yana wauta kamar yadda na yi. Gangarawar ce maganin, ita kaɗai. Amma a wancan lokacin da wani ya faɗa mini haka da na mare shi, kuma da duk direbobin hanyar sun taya ni.

Da na dawo ɗaukar motata na tarar da ƙanwarsa Zuurakan tana gasa gurasa. Na sake dawowa, na kuma sake, har Tashtemir ya ce bai taɓa ganin mutumin da tutek ya ƙi saki irina ba. Ranar da iyayena suka hau neman aurenta sai da ya sa kawuna bin layin fenti. Ni kuwa ya ce da ni a gaban kowa, "Na ba ka ita, amma a nan za ku zauna. Ba zan kai ƙanwata inda mutane ke shan iska da cokali ba." Haka na ajiye tuƙi bayan 'yan shekaru, muka buɗe wurin shayi da taliya a ɗakin gaba, na zama ɗan gida.

Sau biyu kacal ya taɓa zuwa Osh a rayuwarsa, kuma kowane zuwa ya dawo yana ƙorafin iskar ta yi masa kauri, mutanen kuma sun yi masa laushi. Matarsa ta rasu tun da wuri, 'ya'yansa biyu suka tafi neman aiki Rasha, shi ko a jikinsa, in dai akwai shayi mai gishiri da man shanu, da kitsen tunkiya, da wanda zai zaga. Bai taɓa karɓar komai a hannun wanda ya yi wa magani ba. Sai dai in mutum ya warke ya dawo ya ajiye kankana ko albasa, shi kuma ya ɗaga ya duba ya ce a ina aka samo wannan ruɓaɓɓen abu. Direbobi suna son zagin nan fiye da gaisuwar matansu. Wanda Tashtemir bai laƙa wa suna ba, ba a ɗauke shi direban hanyar ba tukuna.

Akwai wata kalma a wurinmu da ba a faɗa wa namiji ana dariya. Ita ce "an gangara da shi". Gangarawa ta baƙi ce, ta 'yan shinkafa da masu yawon buɗe ido. Ɗan tudu yana iya sauka da ƙafarsa ya sayo gishiri, amma a ɗauke shi a kwance a saukar da shi saboda iska ta gagare shi, wannan tabo ne har jikoki. A wajen binciken aure ma ana tambaya, a gidansu an taɓa gangarawa da wani? Tashtemir shi ne limamin wannan aƙida. Ni kuma, da yake da ni aka gangara a gaban jama'a ba riga, sai na fi 'yan tudun zafi a kanta. Ina cin kitse har zuciyata ta tashi, ina yi wa 'yan garinmu dariya in sun hawo suna haki. Wanda ya shigo abu daga baya ba ya iya riƙe shi da sauƙi.

Mutum ɗaya ce ba ta raga masa. Perizat, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin da ke awa biyu daga gidanmu, mace mai shekara hamsin da 'yan kai, wadda ta karɓi haihuwar rabin mutanen yankin, don haka ba wanda take jin nauyi. Takan zo zagaye ta ɗaure masa hannu da abin awo yana harararta.

"Yaya Tashtemir, jinin nan naka ya yi kauri. Dubi leɓenka. Jikinka yana ta ƙera jini don ya kamo 'yar iskar da ke nan, har ya zama kamar kunu. Wata rana zai tsaya a hanya."

"Jinin maza ke nan. Naki ruwan wanke kwano ne?"

"Ka zo mu rage maka, ka riƙa shan ƙwayar nan kullum. In sanyi ya shigo ka sauka wajen dangin Ergesh ka yi wata uku."

Ergesh ni ne. Ya dube ni sama da ƙasa. "In je in zauna cikin taɓo da kwaɗi? Perizat, je ki karɓi haihuwa, ki bar manya su mutu da girmansu."

Ƙwayoyin ya zuba su a gwangwanin ƙusoshi. Wata guda kafin abin ya faru hannunsa na dama ya mutu na minti goma yana tsakar yanka nama, wuƙar ta faɗi. Ya ce sanyi ne, na ce ƙwarai sanyi ne, muka ci naman.

Ranar Talata ce cikin watan Yuni, wajen ƙarfe takwas na safe, rana ta fito tas. Muna shan shayi, ni da shi da Zuurakan da tsoho Kochkor, makiyayin da ke maƙwabtaka da mu, da wani direba mai suna Salijan da ya sauke kaya zai koma gangare ba komai a motarsa. Tashtemir yana cikin gaya wa Salijan cewa gashin bakinsa kamar na akuyar da ta sha miya, sai kwanon shayin ya suɓuce daga hannunsa. Gefen bakinsa na dama ya zazzago. Ya yi ƙoƙarin tashi, ƙafar ta ƙi, ya zame ya jingina da bango.

Zuurakan ta riƙe kansa tana kiran "Yaya, Yaya". Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tattaro harshensa da ƙyar, ya ce, "Ku gangara da ni."

Duk mun ji, ba wanda bai ji ba. Maganar ta fito a murɗe amma ba ta ɓace ba. Ita ce kuma maganar ƙarshe da ta fito daga bakinsa har yau.

Salijan ya miƙe yana lalubar makulli. "Mu sa shi a gaba, Baba. Awa biyu muna asibiti, in na taka ma ba za a kai ba."

Ni ne na tare ƙofa. "Wa za ka sa a gaba? Ka san wanda kake magana a kai kuwa?"

"Ai shi ya ce."

"Shi ya ce? Kai yaushe ka zo hanyar nan? Tashtemir da hankalinsa zai ce a gangara da shi? Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abin ya taɓa kai. Ni nan na gaishe da dutse, na san yadda abin yake."

Kochkor ya gyaɗa kai, ya ce gaskiya ne, tun yana yaro ya san shi, wannan ba maganarsa ba ce. Ya ƙara da cewa gobe in ya farfaɗo ya ji an saukar da shi kamar buhun dankali, ba wanda zai sha a cikinmu. Zuurakan ta ce, "Ergesh, bakinsa fa ya karkace. Tutek ba ya karkata baki." Na ce mata ta tafi ta daka tafarnuwa. Ina jin zafin wannan maganar har yanzu, don ita ce mai gaskiya a ɗakin, kuma ta tafi ta daka.

Muka kinkime shi zuwa ɗakin tukunya muka kwantar. A raina ina cewa yau ranar sakayya ce, wanda ya ceci ɗaruruwa yau tukunyarsa za ta cece shi, kuma ta hannuna. Na ɗaura masa takunkumin. Hannunsa na hagu yana aiki, ya fizge robar ya jefar, ya nuna ƙofa. Na mayar. Ya sake fizgewa, ya nuna ƙusar da yake rataye makullan direbobi, ya nuna Salijan.

"Ku riƙe hannun," in ji ni. "Shi da bakinsa ya koya mana. Wanda iska ta ƙare wa a kai yana faɗa da mai taimakonsa, ba a biye masa, danne shi ake yi."

Haka yake koya mana kuwa, ba ƙarya na yi ba. Kochkor ya danne kafaɗa, ni na riƙe wuyan hannun, da ɗayan hannuna na murɗa famfon tukunyar. Ban taɓa taɓa shi ba sai ranar, ba wanda ya taɓa. Na murɗa har ƙarshe, shiru. Allura tana nan kusa da cikawa, amma ba ƙara. Na kasa kunne. Sai can na ji ta, sssss, tana fita daga wajen takunkumin, a kakkarye, ba kamar yadda na santa ba, amma ita ce.

"Kun ji ko?" na ce da su. "Ta fara aiki."

Tashtemir ya zuba mini ido. Ban taɓa ganin kallo irin wannan ba, na ɗauka godiya ce.

Zuurakan ta faki idona ta hau kan katafila, inda waya take kamawa, ta kira Perizat. Ta dawo ta miƙa mini wayar a waje. Muryar Perizat kamar za ta fasa mini kunne.

"Ergesh, wannan shanyewar ɓarin jiki ce. Jini ya toshe masa hanya a kai. Ku sa shi a mota yanzu, motarmu ta fita da mai naƙuda."

"Muna ba shi iska, Yaya Perizat. Tamu ma ta fi taku, ta Soviet ce."

"Tukunyar da ban taɓa ganin an kawo mata canji ba? Ka kawo mini shi, na ce."

Na ce da Kochkor kishi ne irin na masu farar riga. Salijan ya jira har azahar, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba, don Allah." Na ce ya kama hanyarsa kafin in sa masa sunan da zai bi shi har kabari. Ya tafi da motarsa ba kowa a kujerar gefe.

Abin da muka yi a sauran yinin ba abin faɗa ba ne, amma zan faɗa. Kochkor ya ƙona ganyen turare ya cika ɗakin da hayaki, ga mutumin da numfashi yake nema. Muka jiƙa kurut, busasshen nonon da ake ba mai tutek, muka ɗura masa da tafarnuwa, ya ƙware har ya yi baƙi. Maƙwabta suka ji suka zo, kowa ya leƙo ya ga allura, ya ji ƙara, ya ce Allah ya saka wa Ergesh. Wata tsohuwa ta ce ai da ba ni a gidan da an yi abin kunya. Na ji daɗin maganar. Da safe yana iya ɗaga ƙafar dama kaɗan, yana matse yatsun Zuurakan. Wajen ƙarfe biyu ƙafar ta daina motsi. Na ce barci ne yake shigarsa, alamar sauƙi.

Da la'asar Perizat ta iso a bayan wata motar kwal, fuskarta baƙi ƙirin da ƙura. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta buɗe taga, ta ture ni gefe, ta ɗaga fatar idon Tashtemir, ta ja ƙafarsa ta saki. Sannan ta cire takunkumin, ta zare bututun robar daga jikinsa, ta ɗauki kwanon shayin da ke gefe ta tsoma bakin bututun a ciki.

"Buɗe famfon."

"A buɗe yake tun safe."

"To, zo ka duba, likita."

Muka sunkuya, mu wajen takwas, muna kallon kwanon shayi. Ko kumfa ɗaya bai taso ba. Ta ƙwanƙwasa gilashin agogon da farce, allurar ba ta motsa ba. Ta ɓalle gilashin da cokali, sai ga busasshen gam ya yi rawaya a gindin allurar.

Ɗakin ya yi tsit. Cikin shirun nan sai ƙarar ta dawo, sssss. Takunkumi yana hannun Perizat, bututu yana cikin shayi. Daga shimfiɗa take fitowa, daga giɓin nan na haƙoran Tashtemir, ta gefen bakin da ya rage masa. Yana yi yana kallona. Tun safe abin da yake gaya mini ke nan da abu ɗaya da ya saura a bakinsa, ni kuma ina riƙe da hannunsa ina yi wa jama'a albishir.

A motar kwal ɗin muka gangara da shi. A asibitin Perizat aka sa masa iska ta gaskiya, washegari aka wuce da shi Osh. Likitan da ya duba hoton kansa ya tambayi ƙarfe nawa abin ya fara, na ce takwas na safe. Ya tambayi me muka yi daga nan zuwa la'asar. Na ce mun ba shi iska.

"Ya sha iska kam," in ji Perizat, wadda ta rako mu. "Ta cikin ɗaki, rabinta ma, don robar ta tare sauran. An haɗa masa da hayaki."

Likitan ya tambayi sana'ar gidanmu, na ce noman shinkafa. Ya ce to zan gane. In aka toshe bakin kwalbatin da ke kai ruwa fadama, shukar da ke tsakiya nan take take ƙonewa, wannan ba mai ceto ta. Amma ta gefe-gefe tana rayuwa da ɗan abin da ke tsattsafowa daga maƙwabta, tana jira, awa ɗaya, awa uku, wani lokaci fiye. Haka ƙwaƙwalwa take da jini da iskar da yake ɗauke da ita. Ya zagaye wani baƙin wuri a hoton da biro, ya ce wannan tun safe ya mutu. Ya zagaye wani mai faɗi a kewayensa, ya ce wannan kuwa jira ya yi, a kan tudun da iskarsa ba ta ishi mai lafiya ba, kuma a nan magana take zaune.

"Ba zan ce maka da kun kawo shi da wuri zai tashi yana rawa ba," in ji shi. "Amma ina jin da ya kira sunanka."

Ban ce masa ba ya kirana da sunana ba.

Sauran labarin Kochkor ne ya tono shi daga baya, da kunya ta sa shi tunani. A da hukumar hanya tana aiko da cikakkun tukwane kowace kaka. Da ƙasar Soviet ta watse sai motar ta daina zuwa, tukunya ta ƙarshe ta ƙare a tsakiyar hunturu. A makon aka kawo wani direba yana tangaɗi. Tashtemir ya gaya masa gaskiya, ba iska, maganinka ka juya ka sauka. Mutumin ya yi dariya ya ce sau arba'in yana haye mashigin nan, ya karɓi makullinsa ya hau. Bayan kwana biyu Tashtemir ne ya haƙo motar daga ƙanƙara, mutumin yana zaune a kujerarsa ya cire takalma ya jera su a kan sitiyari. Ba a yi mako ba ya sanar wa jama'a an kawo sabuwar tukunya. Kochkor ya ce yanzu da ya tuna, ba wanda ya ga motar da ta kawo ta. Na je na tsuguna gaban Tashtemir na maimaita masa labarin, na ce haka aka yi? Ya lumshe ido sau ɗaya.

Ya san mu sarai. Ya san namiji a hanyar nan ba zai sauka don an gaya masa gaskiya ba, sai an tsorata shi da awa uku. Abin da bai lissafa ba shi ne mu ma da muke cin abinci kwano ɗaya da shi irin waɗancan ne, mun riƙe tukunyar mun yar da gangarawar.

Likita ya ce kada a mai da shi tudu. Ya yi wata uku a gidan ƙanena a Uzgen, cikin taɓo da kwaɗi, sannan ya rufe baki ya daina cin abinci har sai da muka hawo da shi. Yanzu yana shan ƙwayar Perizat kullum, Zuurakan ce take ba shi, ba ya musu. Perizat ta samo mana wata 'yar farar na'ura mai aiki da hasken rana, mai ba da iska ta gaskiya. Direbobi suka dube ta suka ce wannan abin wasan yara ne, su shuɗiyar suke so. Duk hanyar an ji labarin kwanon shayi, amma an gyara shi, wai ranar ce kawai Ergesh ɗan shinkafa bai iya buɗe famfo ba. Ban musa ba. Muka ɓoye na'urar bayan labule, muka zagayo da bututunta ta bayan tukunyar.

Ni nake sa su bin layi yanzu, ni nake tambayar sunan uwa, ni nake rataye makulli in ce awa uku. Zagin ne ban iya ba, nawa ba ya da gishiri, direbobi suna karɓa ne don ladabi. Ƙarar kuma na gwada na gaji, haƙorana a cike suke. Don haka in an kawo mai tutek, sai Zuurakan ta turo Tashtemir a kekensa ta ajiye shi bayan labule kusa da na'urar, in na taɓa famfo ya fara. Bai taɓa kuskuren lokaci ba.

Akwai 'yan tudu uku da aka gangara da su a kwance tun daga ranar, biyu ni na tuƙa su da kaina, ban tsaya jin ra'ayin kowa ba. Ɗaya ya dawo da ƙafarsa da bakinsa, har ya zo ya zage ni don na kunyata gidansu. Na zuba masa shayi na ce ya ƙara.

Ina kewar muryar mutumin nan fiye da yadda zan iya faɗa wa matata. Da zan ji ya ce "ɗan shinkafa" sau ɗaya, a gaban kowa, da na yafe duk abin da ya saura mini a duniya. Kullum da safe ni nake kai masa shayi, in tallafi kansa in ba shi. In ya gama sai ya dube ni ya yi ƙarar. Ta direbobi doguwa ce mai sanyi. Tawa gajera ce, sau ɗaya, ss, kuma ba na bukatar a fassara mini. Nakan ce, "Na ji, Yaya," in ɗauki kwanon in fita.